Taken Gidan Alhaji Ilu

Sau uku Baffa Habibullah yana cewa a'a, sau uku Ummukulsum tana komawa ta durƙusa a bakin tabarmarsa. Tun rasuwar mahaifinta, wannan ƙanin nasa ne ya riƙe ta a gidansu na Gumel, ya tsaya mata har ta zama malamar firamare, kuma bai taɓa hana ta abin da ta nema ba sai wannan.

A karo na huɗu ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana kallonta.

"Ummu, kin san ba zan yi miki dole ba. Hamza ya turo magabatansa har sau biyu, na ce su dakata saboda ke. In ba kya sonsa, shi ke nan. Amma ki kawo mini ɗan maroƙi ki ce in ba shi 'yar yayana? Da wane ido zan kalli mutanen garin nan?"

"Baffa, wallahi Anas ba maroƙi ba ne."

"Ubansa fa?"

Ta sunkuyar da kai. Kaf ƙasar Gumel babu babban da bai san Barau mai gurmi na Ɗanzomo ba, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin fataken shanu yana wasa su.

"Ubansa ne, Baffa, ba shi ba," ta faɗa hawaye na gangaro mata. "Shi waƙoƙinsa yake tsarawa da kansa. Ba ya wasa kowa, ba ya karɓar liƙi. Ka saurari waƙoƙinsa duka, ba za ka ji sunan mutum ɗaya a ciki ba."

"Yanzu ne ba ya yi. 'Yar nan, ba talauci nake guje miki ba. Mutumin da ya gaji roƙo, bakinsa ba nasa ba ne. Duk wanda ya cika masa hannu shi ke da shi. Ni kuma ina so in ba ki ga mijin da zai iya cewa a'a."

Gwaggo Kande, yayar Baffa, tana gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta wurin. Ita kaɗai ce a gidan take kiransa da sunansa tsirara.

"Habibu, ka dubi wuyan yarinyar nan, duk ta zube. Na ji an ce yaron zai yi wasa ran Asabar a Maigatari. Ni zan je in gani da idona. Kai ka ce zai yi, ita ta ce ba zai yi ba. To, a bar fili ya raba ku."

Baffa ya ja carbinsa, sannan ya ɗago.

"Na yarda. In ya yi wasansa ya sauka bai kaɗa wa kowa take ba, bai bari an liƙa masa ko takarda ɗaya ba, ya turo manyansa, zan karɓe su. In kuwa ya yi, ko ga mutum ɗaya ne, magana ta mutu. Kuma ke da bakinki za ki zo nan ki ce mini ta mutu."

"Na amince, Baffa!"

Da sauri ta faɗa don murna. Ita a ganinta an gama, saura ɗaurin aure. Abin da ba ta sani ba, Baffa mutum ne da ba ya ɓoye-ɓoye. A ranar ya aika gidan su Hamza ya shaida musu sharaɗin dalla-dalla, don kada su ce ya ajiye su yana wasa da hankalinsu. Gaskiyar tasa ce ta yi wa 'yarsa illa, shi kuwa bai sani ba.

Bara ne Ummu ta fara jin kiɗan Anas, a motar haya, tana dawowa daga Gagarawa inda aka tura ta koyarwa. An cusa su mutum huɗu a baya, ga buhun albasa a ƙafarta, sai direba ya kunna wani abu da ba ta taɓa jin irinsa ba. Gurmi ne sak irin na ƙauye, amma jitar lantarki tana bin sa a baya irin ta Buzaye, ga kalangu, ga gangunan Bature, kuma babu wanda ya taka wani. Har suka iso Gumel ba ta san ƙafarta ta yi tsami ba.

Ranar Alhamis ta shiga kasuwar Maigatari, ta bi rumfunan masu tura waƙa a waya tana rera musu abin da ta riƙe. A rumfa ta biyar wani dogon saurayi ya saurare ta har ta gama, yana ta ƙoƙarin danne dariya.

"Malama, kin ɓata baiti na biyu."

"Kai ka yi waƙar da za ka san na ɓata?"

"Ni na yi."

Daga nan ne. Shekara guda ke nan, kuma ba ta taɓa jin ta yi nadama ba.

Da la'asar ɗin ranar da aka yi sharaɗin ta kira shi ta gaya masa komai. Ya yi dariya mai sauti.

"Wannan ne kawai? Ai ko Baffa bai ce ba, haka nake yi. Ummu, ki fara zaɓen atamfa."

"Ka gaya wa Baba?"

Dariyar ta ɗauke.

"In ce masa me? In ce sana'ar da ya ciyar da ni da ita ce ta sa ake ƙyamata? Mutumin da hannunsa ke rawa, shekara biyar rabonsa da riƙe gurmi? Ko sunanki ban iya faɗa a gabansa ba, kin san kunyar da ke tsakaninmu. Ki bari sai an ce a turo. Baba ba ya fita ko ƙofar Ɗanzomo yanzu, babu ruwansa da wannan."

Ta yarda da shi. Me zai hana ta yarda?

Ran Asabar, tun kafin la'asar filin bayan garin Maigatari ya cika ya batse. Matasan gari ne suka shirya wasan don murnar kaka, suka haɗa manyan motoci biyu baya da baya suka shimfiɗa katako, dandamali ke nan. 'Yan Gumel sun zo, 'yan Sule Tankarkar sun zo a kan babura uku-uku, mutanen Damagaram sun tsallako da rawunansu suna ta neman inda za su ajiye manyan motocinsu na kamyo. Masu rake da masu awara sai ciniki suke.

An ware wa mata gefe ɗaya ƙarƙashin rumfa. Gwaggo Kande ta zauna a kujerar gaba, ta ɗaure fuska tamau, ta jefa goro a baki.

"Ni fa ba kallo na zo ba, shaida na zo," in ji ta.

Da Anas ya hau, fili ya ɗauki ihu. Farar riga ce a jikinsa, ga tsohon gurmi rataye a kafaɗa, ƙoƙonsa ya yi baƙi don daɗewa. Kafin ya taɓa tsirkiya sai da ya matso bakin abin magana.

"Jama'a, roƙona ɗaya. Kada kowa ya hau nan da kuɗi. Wanda ya ji daɗi ya tafa, ya ishe ni."

Ummu ta saci kallon Gwaggo. Gwaggo ta ci gaba da taunar goronta.

Ya fara da waƙar rijiyar da ta ƙafe, ya shiga ta matar da ke jiran mijinta ya dawo daga cin rani. Mai jitar, wani siririn Badamagare, yana jan sauti sama, gurmin yana dawo da shi ƙasa. Wasu 'yan kasuwa biyu suka taso da damin kuɗi, Anas ya girgiza musu kai yana murmushi, suka koma suna ƙunƙuni. A waƙa ta huɗu Ummu ta ga babban yatsan ƙafar Gwaggo yana motsi cikin silifa.

"Gwaggo, na gan ki."

"Ke tafi can, ƙuda nake kora."

Daɗi ya cika Ummu har ta rasa inda za ta sa kanta. Waƙa biyu suka rage. Har ta fara tunanin kalar da za ta yi wa ɗakinta.

Sai ga wata baƙar mota ta kutso har gefen rumfa. Hamza ya fito, jikan Alhaji Ilu mai shanu, saurayi mai kyau da ladabi, irin wanda iyaye ke so tun kafin ya buɗe baki. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba da kansa, ya kamo hannun wani tsoho da ke sanye da sabuwar babbar riga, har yanzu karin ninkinta bai baje ba.

Ummu ta ƙura masa ido. Ba ta taɓa ganin tsohon ba, amma ta san wannan goshin da wannan dogon wuyan, na Anas ne sak.

Hamza ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gai da Gwaggo, sannan ya juyo.

"Malama, barka da yamma."

"Me ka yi, Hamza?" ta tambaya a hankali.

"Me na yi kuwa? Na je Ɗanzomo gai da maroƙin gidanmu, na tarar bai ma san ɗansa na wasa yau ba. Na kawo uba ya ga ranar ɗansa. Laifi ne?"

Ta kawar da kai. Dattawan da ke wurin sun riga sun gane tsohon. "Barau ne! Wallahi Barau mai gurmi ne!" Kafin a ce wani abu an ɗaga shi cak an ɗora kan dandamali.

Kiɗa ya tsaya. Anas ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Tsohon ya dafa kan ɗansa, ya lalubi abin magana da hannunsa mai karkarwa. Kuka yake, kukan farin ciki.

"Jama'a, na ɗauka an manta da ni. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani daga gidan ubangidana ya taka ƙofata. Yau jikansa ya zo da ƙafarsa, ya tufatar da ni. Gurmin nan da kuke gani a wuyan yaron nan, Alhaji Ilu ne ya sa aka yi wa mahaifina. A gidansa muka ci, a gidansa muka sha. In na sauka ban gai da gidan nan ba, ban cika ɗan halak ba."

Ya juya ga ɗansa.

"Anas, ba ni taken gidan Alhaji Ilu."

Kowane babban gida yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, kuma maroƙin gidan ne ke gadar da shi ga ɗansa. Shi ne kiɗan farko da aka koya wa Anas yana ɗan shekara shida.

Anas bai motsa ba. Idonsa ya ratsa taron har ya sauka a kan Ummu. Ta girgiza masa kai, ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji. Leɓɓanta suna cewa don Allah, don Allah.

Ya sauke hannunsa daga kan tsirkiya.

Tsohon ya ɗan jira. Da ya ji shiru sai ya ɗauka yaron gyaran tsirkiya yake, ya buɗe murya shi kaɗai.

"Ilu na Maigatari, mai garken da ya tsare hanya!
Ilu mai shayar da baƙo kafin ya tambayi sunansa..."

Muryar ta tsufa. Babu kiɗan da zai riƙe ta, sai ta karye a tsakiya, ya yi tari, ya sake ɗaukowa daga farko, ya manta baiti na uku. Hannunsa na dama yana ta kaɗa iska a gefen cikinsa, inda gurmi ya saba zama.

Daga baya wani matashi ya fashe da dariya. Wasu suka taya shi.

"Baba, a sauka haka nan!"

"A ba mu jita! Ba tarihi muka zo ji ba!"

Wani marar kunya ya jefo ɓawon rake, ya faɗi a kan sabuwar rigar. Tsohon ya tsaya yana waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Ya juyo ga ɗansa, ya manta abin magana na bakinsa, duk filin ya ji shi.

"Yaro, ka manta ne? Ko kunyata kake ji?"

Ummu ta runtse ido. Ta riga ta san abin da zai biyo baya, don da ba haka yake ba da ba ta so shi ba.

Gurmin ya amsa.

Ya amsa da ƙarfi, tsaf, ba gargada. Gadon bayan tsohon ya miƙe, muryarsa ta samu wurin zama. Mai kalangu ya shigo, Badamagaren ya saurara kaɗan ya gano hanya, ya ɗora jitarsa a kai. Masu dariyar suka yi tsit. Dattawa suka miƙe tsaye, wasu na share ido da bakin rawani. Abin baƙin cikin shi ne, duk tsawon shekarar da Ummu ta yi tana jin kiɗan Anas, ba ta taɓa jin ya yi mai daɗin wannan ba.

Hamza ya hau a natse, ba gaggawa. Ya fara zuba wa tsohon sababbin takardun kuɗi, ya raɗa masa magana a kunne. Sannan ya taka zuwa wurin Anas, ya zaro guda ɗaya tak, ya manna masa a goshi ya danna da babban yatsa. Gumi ya riƙe ta. Hannayen Anas biyu suna kan gurmi, in ya ɗaga ɗaya kiɗan ubansa ya yanke. Haka ya ci gaba da kaɗawa da takardar a goshinsa, hawaye na bin kumatunsa.

Tsohon ya ɗaga murya har ƙarshenta.

"Hamza jikan Ilu, gida bai mutu ba!
Hamza angon Ummukulsum!"

Fili ya amsa baki ɗaya, mutum ya fi dubu: "Angon Ummukulsum!"

Ummu ta damƙi hannun Gwaggo.

"Bai faɗa ba, Gwaggo! Kin gani, bakinsa a rufe yake! Ba shi ya faɗa ba!"

Gwaggo Kande ta tofar da goronta. Idonta ita ma ya kaɗa ya yi ja.

"Ki dubi goshinsa, 'yar nan. Ni ba zan yi wa Habibu ƙarya ba. Tashi mu tafi."

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, lokacin da Anas ya cim musu a bayan motocin. Gwaggo ta matsa gefe ta ba su baya.

"Ummu."

"Kada ka kira sunana. Yau an kira shi ya isa."

"Ki saurare ni."

"Waƙa biyu, Anas! Waƙa biyu suka rage! Na durƙusa wa Baffa sau huɗu, na rantse masa da Allah a kanka. Ka san abin da zan je in faɗa da bakina yanzu?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa ƙarfen motar. "Me ya sa ba ka gaya masa ba tun farko? Da ka gaya masa, da bai hau motar Hamza ba."

"Na kasa. Laifina ne, na kasa." Ya share fuska da hannun riga. "Amma ki gaya mini gaskiya. Da na tsaya ina kallo suna jifan mahaifina, na riƙe hannuna don in same ki, za ki iya zama da ni? Za ki iya kallona kullum?"

Ta so ta ce e. Ta nemi kalmar ta rasa, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ka je ka yi wa Baffa bayani," ta ce da muryar da ita kanta ba ta yarda da ita ba.

"In ce masa me? Cewa ya yi ba zan iya cewa a'a ba. Ga shi ban iya ba."

Sai suka ji takun sanda. Malam Barau ne ke tahowa, fuskarsa sai annuri, aljihun sabuwar rigar ya yi nauyi.

"Anas, kana nan ashe. Kai, yau ka wanke ni! Yau ko na mutu ba ni da kaico." Ya kalli Ummu, ya ƙanƙance ido. "Wannan fa? Ba ita ce Hamza ya nuna mini a rumfa ba?"

Ummu ta ja mayafinta, ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa, irin gaisuwar da ta yi wata da watanni tana tanadar masa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata, lafiya lau. Kai, ga ladabi! Hamza ya iya zaɓe. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba." Ya dafa kafaɗar ɗansa yana dariya. "Ki gaya wa mutanen gidanku kada su wahalar da kansu neman makaɗa. Ranar bikinki ni da yaron nan za mu zo, tun daga kamu har kai amarya. Ko ba haka ba, Anas?"

Anas ya kalli ƙasa.

"Haka ne, Baba."

Ummu ta miƙe, ta bi bayan Gwaggo zuwa tasha. Daga Maigatari zuwa Gumel tafiyar ba ta da nisa, kuma ta san za ta tarar da Baffa a kan tabarmarsa yana jiran ta.